Na'urar da Ke Shinshinar Gas da Sharuɗɗan Amincinta

Shirinmu na yau ya shafi na'urar da ke shinshinar gas mai kama wuta, da sharuɗɗan da masana suka gindaya mata kafin a karɓi shaidarta.

A shekarar 1812 wuta ta tashi a ramin haƙar kwal na Felling, a arewacin Ingila, ta hallaka mutum 92, kuma wannan musiba tana cikin dalilan da suka sa Humphry Davy, a 1815, ya ƙera fitilar da ya lulluɓe harshenta da ragar ƙarfe, wadda, baya ga hana wuta fita ta kama iskar rami, takan yi wa mahaƙi ishara da wani shuɗin haske a saman harshen idan gas ya yawaita.

Hikimar al'amarin ita ce gas ba ya kamawa sai ya kai wani haddi a cikin iska: na ramin kwal, wato mitan, wajen kashi 5 cikin 100, na girki kuwa wajen kashi 2 kacal. Don haka akan saita na'ura ta yi kururuwa tun gas bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na wannan haddi ba.

Ƙa'idar da hukumar IEC ta Janiba ta shimfiɗa, mai lamba 60079-29-1, ta wajabta a jarraba na'ura cikin zafi da sanyi, da laima da girgiza, a kuma auna saurin amsawarta. Amma abin da ya fi damuna, jama'a, shi ne bayan an saya an kafa, domin tururin silikon, wanda ke cikin wasu mayukan inji da na liƙi, yakan kashe ƙwayar da ke shinshinar a ɓoye, alhali fitilar na'urar tana nan tana nuna lafiya lau. Ba kuwa a gane haka sai an busa mata gas mai sanannen ma'auni lokaci bayan lokaci.

Fashewar da ta auku a shagon gas na Sabon Tasha, a Kaduna, cikin Janairun 2020, ta nuna lamarin ya iso unguwanninmu. Masu shaguna su lura cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, yana gangarawa ya kwanta a ƙasa da cikin kwata, don haka a kafa na'urarsa kusa da daɓe.