NA'URAR NEMAN ƘARFE DA HALIN ƘASA: BAYANI GA HAKIMAI DA MALAMANSU

A shekarar 2014 aka sami zinariya a Jado, can arewacin Jamhuriyar Nijar, samari masu yawa daga ƙasar Hausa suka tafi ci-rani can. A wurin suka saba da na'urar nan mai sanda da faifai, wadda ke kuka in ta ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Irinta ce soja suka nemi nakiyoyi da ita a hamadar Masar cikin 1942. Duk wanda ya shigo da ita ƙasar Gaya ko Ajingi, wata rana maganarsa za ta zo gaban hakimi, ko dai mai gona ya kawo ƙarar an farfasa masa shuka, ko kuwa wani ya ce an karɓi kuɗinsa bisa alkawarin dukiya. Saboda haka ya kamata hakimai su san abin da kukan na'urar ke nufi.

Faifan nan yana aika ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. In ya tarar da ƙarfe, sai ƙarfen ya mayar da amsa, na'ura ta yi kuka. Amma ita ƙasar ma tana da tata amsar, gama akwai tama da gishiri a cikinta. Don haka aka yi wa na'urar abin murɗawa guda biyu. Ɗaya na ƙara ƙarfin jinta ne ko rage shi, ɗayan kuwa na daidaita ta da ƙasar wurin ne, har ta daina kula da ita.

Kuskuren da sabon shiga ya fi yi shi ne ya murɗe ƙarfin ji har ƙarshe, yana zaton ta haka za ta ji abin da ke da zurfi. A jigawa busasshiya mai farin rairayi, irin wadda ta yawaita a wannan yanki, ana iya ƙara shi ƙwarai ba tare da wata ɓarna ba. Marmara fa dabam ce. Jan da ke jikinta na ƙarfe ne, na'ura kuwa tana jinsa. In aka bar ta da ƙarfin da aka yi aiki da shi a jigawa, sai ta yi ta surutu ko'ina aka kai faifan, kukan gaskiya ya ɓace cikin na banza, mutum ya haƙa rami goma bai tsinci ko ƙusa ba. Abin yi a nan shi ne a nemi wurin da babu ƙarfe, a riƙa ɗaga faifai ana sauke shi kusa da ƙasa, ana murɗa abin daidaitawa har muryar ta tsaya wuri ɗaya. Sa'an nan a ƙara ƙarfin ji kaɗan kaɗan, da ta fara ɓaɓatu sai a koma baya har ta natsu. In an bar marmara an shiga jigawa, tilas a sake wannan aiki daga farko.

Fadama ma haka take, musamman da damina, ko inda kanwa ke tsattsafowa, domin jiƙaƙƙiyar ƙasa mai gishiri tana amsawa kamar ƙarfe. Kusa da wayar lantarki kuma na'urar kan yi kuka ko da faifan na sama bai fuskanci ƙasa ba.

Akwai wani abu da ya shafi Gaya musamman. Masana tarihi sun kawo labarin cewa Abagayawa maƙera ne, daga Gaya suka tashi suka je Dala neman tama. Inda duk aka daɗe ana narka tama ba a rasa kashin maƙera a kufai, shi kuwa yakan sa na'ura kuka mai ƙarfi ƙwarai. Ba a san ƙasar Gaya da Ajingi da zinariya ba yadda aka san Anka da Maru da Birnin Gwari, don haka wanda ya nuna wa talaka kukan na'ura a kufai ya ce masa zinariya ce, a bincike shi.

Gwajin ba shi da wuya, malamin hakimi ma zai iya tsayawa a yi a gabansa. A binne kwabo zurfin taƙi guda a cikin ƙasar da ake gardama a kanta, a sa mai na'ura ya nuna wurin. Galibin waɗannan na'urori ba su jin abu kamar kwabo in ya wuce zurfin ƙafa guda da kaɗan. In ta yi kuka bisa kwabon ta yi shiru a gefe, an daidaita ta. In kuwa tana kuka nan da can, malam ya rubuta haka cikin rahotonsa.

Har wa yau a tuna wa dagatai da masu unguwa cewa bisa dokar ma'adinai ta 2007, ma'adinan da ke cikin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne, ba a haƙarsu sai da lasisi, yardar mai gona kaɗai ba ta isa ba. Kayan tarihi kuma, kamar tsofaffin mundaye da tukwane da kayan ƙira, dokar 1979 ta hana tono su ba da izni ba. In an tsinci irinsu, a rubuta wurin da ranar da sunan wanda ya tsinta, hakimi ya aika wa ma'aikatan Gidan Makama a Kano.