Abin da ke sa tunatarwar kullum a wayar salula ta makara ko ta ƙi zuwa

Mai fama da hawan jini da ya saita manhaja ta riƙa tunatar da shi shan magani da ƙarfe takwas na kowace safiya yana ganin aikin ba shi da wuya. A wurin masu ƙera manhajoji kuwa, wannan na cikin abubuwan da suka fi ba su ciwon kai, domin tsarin wayar da kansa ne ke ja da su.

Tushen lamarin batir ne. Duk sa'ad da manhaja ta farkar da waya domin fitar da sanarwa, caji na raguwa. Saboda haka tun daga Android 4.4 da ya fito a 2013, kamfanin Google ya daina tabbatar da cewa ƙararrawa mai maimaituwa za ta buga a ainihin mintin da aka saita. Tsarin kan tara ƙararrawar manhajoji da dama ya sake su a lokaci guda. A 2015 kuma Android 6 ya zo da Doze, wanda ke jinkirta ayyuka idan an ajiye waya ba a taɓa ta ba, kuma ba ta kan caji. Jinkirin 'yan mintuna ba komai ba ne ga tallan kaya, amma ga mai jiran tunatarwar sahur yana iya zama asara.

Dabarar da ƙwararru suka fi bi ita ce saita ƙararrawa guda mai tsayayyen lokaci, idan ta buga sai manhajar ta saita ta gobe. Sai dai wannan sarƙa tana tsinkewa cikin sauƙi. Da zarar waya ta mutu aka sake kunna ta, Android na share duk ƙararrawar da aka tsara, kuma dole manhajar ta sake jera su da kanta. A ƙasar da rashin wutar lantarki kan bar waya a mace har tsawon dare, manhajar da ta manta da wannan mataki ba ta da amfani.

Akwai kuma batun izini. Tun daga Android 13 na 2022, manhaja ba ta iya nuna sanarwa sai mai wayar ya amince, sannan Android 14 ya ƙara tsaurara izinin ƙararrawa mai tsayayyen lokaci ga yawancin sababbin manhajoji.

A iPhone, saita tunatarwa a sa'a ɗaya kullum ya fi sauƙi, amma kamfanin Apple ya ƙayyade sanarwar da manhaja za ta jera a gaba zuwa 64. Manhajojin lokutan salla sun fi jin wannan takura, domin lokutan na sauyawa da yanayin rana, kuma kowanne sai an lissafa shi daban. Salloli biyar a rana na cinye adadin cikin kwanaki 12 da ɗoriya. Wannan ne ya sa irin waɗannan manhajoji ke roƙon a riƙa buɗe su lokaci zuwa lokaci.

Tafiya ma na kawo nata ruɗani. Saudiyya na gaban Najeriya da sa'o'i biyu, don haka dole mai ƙera manhaja ya yanke shawara tun farko: maniyyacin da ya tashi daga Kano ya sauka a Jidda, za a tunatar da shi magani da ƙarfe takwas na agogon can ne, ko kuwa bayan cikar sa'o'i 24 da shan na jiya.