Kaza Da 'Ya'yanta: Taurarin Shuka Da Na Hanya

Daga Wakilinmu na Arewa, Fika

Wanda ke zaune a Agege ko Sabo ta Ibadan ko Fatakwal, hasken lantarki ya raba shi da sararin sama, sai ya shekara bai ga Kaza da 'Ya'yanta ba. A nan ƙasar Fika kuwa, cikin Jihar Yobe, har yanzu akwai dattawan da ba su amince da ruwan farko ba sai sun dubi sama.

Kaza dai ita ce tarin ƙananan taurarin nan da malamai ke kira Surayya, sunan da muke raɗa wa 'ya'yanmu mata. Takan ɓace wajen ƙarshen watan Afrilu, ta yi kamar kwana 40 ba a ganinta, sa'an nan ta ɓullo daga gabas kafin asuba a cikin watan Yuni, watau daidai lokacin da damina ke zama a wannan yanki. Mai gaggawar shuka kafin nan, sau da yawa sai rana ta ƙone masa iri, ya koma neman rance.

Malamanmu sun tsara abin da lissafi. Taurari 28 ne a shekara, kowanne kwana 13, in ban da Jabaha mai kwana 14, jimla kwana 365. Zira'a da Nasara da Ɗarfa da ita Jabahar duk na damina ne. An sa sunayen cikin waƙoƙin ajami don almajiri ya haddace, har wani Bature, Mervyn Hiskett, ya yi nazarinsu a 1967. Tun kafin nan, Malam Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan hisabi da taurari.

Ga matafiyi kuma fa? Fatake da 'yan koren shanu da ke gangarawa Kurmi da ƙafa sun san zango-zango, saboda haka taurari agogo ne a wurinsu: Gamzaki ya fito, a ɗaura kaya. Amma ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma, inda babu itace babu sawu, madugu da sama yake aiki. Buzaye suna da taurarin da suke kira Raƙuma, da waɗanda suke kira Jagora, Kazarmu kuwa 'Yan Matan Dare suke ce mata. Akwai kuma tauraron arewa da ba ya gusawa. A Fika tsayinsa digiri 11 ne daga ƙasa, a Ikko bai kai 7 ba. Iyakar nisanka Kudu, iyakar sunkuyawarsa.

To, waɗanda suka kai wannan ilmi ƙarshe su ne mutanen Folinesiya, mazauna tsibiran tekun Fasifik. Jagoransu yakan haddace inda kowane tauraro ke fitowa da inda yake faɗuwa, ya haɗa da kaɗawar igiyar ruwa da tashin tsuntsaye. Duk da haka a tsibirin Hawai ilmin ya mutu murus. Da suka so su gwada shi a 1976, sai da suka ɗauko Mau Piailug daga wani ɗan tsibiri mai nisa, Satawal. Shi ya ja kwale-kwalen Hokule'a mil 2,500 zuwa Tahiti cikin wata guda da 'yan kwanaki, ba taswira ba na'ura. A 1980 ɗan Hawai, Nainoa Thompson, ya maimaita tafiyar da kansa. Ni a ganina abin lura a nan shi ne, da tsohon ilmin ya ƙare a Satawal ma, da babu inda za su nemo shi.

Shi kansa Hokule'a sunan tauraro ne da ke ratsawa ta tsakar kan Hawai. Ƙasar Samowa ta sa taurari 5 a tutarta. Kabilar Maori ta Niyuzilan kuwa suna kiran Kaza da sunan Matariki, ɓullowarta ce sabuwar shekararsu, kuma tun 2022 gwamnati ke ba da hutu dominta.

Mai zuwa gida da iyali a watan Disamba, ya fita bayan gari in an idar da magariba ya dubi gabas. Kaza tana nan, kafin ƙarfe 10 na dare ta kusa tsakar ka. Ya sa yara su ƙirga. Mai kaifin ido yakan sami 6 ko 7.