ABIN DA KE CINYE WUTAR BATIR IDAN MOTA NA TSAYE

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Katsina ta bi ta Jibiya zuwa Maraɗi ya san Magama, inda ma'aikatan kwastan ke tsai da motoci kafin su ƙetara zuwa Ɗan Isa, cikin ƙasar Nijar. A watan Agusta na 2019 Gwamnatin Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai cikin Afrilu na 2022. Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ran 26 ga Yuli, 2023 kuma aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Motoci da yawa sun sha tsayuwa a waɗannan lokuta. Ko yanzu ma da hanya ke buɗe, jiran takarda ko jiran lodi ya kan zaunar da mota kwana da kwanaki.

Ran da aka ce a wuce, sai direba ya murɗa makulli ya ji ƙyas-ƙyas, inji ya ƙi tashi. In buhunan gero ko wake ne a bayan motar, da sauƙi. In kuwa albasa ce ko tattasai, ko dabbobi, to, kowace sa'a hasara ce ga manomi da ɗan kasuwa. Abin da akasarin mutane kan yi shi ne su ɗora wa batir laifi, su tafi su sayo sabo. Bayan mako guda sabon ma ya kwanta, domin wanda ya zuba ruwa a tulu mai yoyo ba ya kwana da shi. Sabo da haka kafin a fid da kuɗi, ya kamata a san ta inda wutar ke zurarewa.

HANYA UKU

Batirin mota, wanda wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙago irinsa a 1859, farantan dalma ne jiƙe cikin ruwan asid. Ba ya ƙirƙirar wuta, ajiya kurum ya ke yi. Altaneta ce ke cika shi sa'ad da inji ke aiki. Don haka in aka tarar ba wuta, ɗayan uku ne: ko batirin ya tsufa ba ya riƙe caji, ko altaneta ba ta cika shi ba tun a hanya, ko kuwa akwai wani abu da ke shan wuta alhali an zare makulli.

Ga lissafi don a ga yadda abu kaɗan ke yin ɓarna. Ana auna ƙarfin wuta da bolt, yawan wadda ke gudu cikin waya kuma da amfiya. Batirin a-kori-kura mai lamba 60 zai iya ba da amfiya ɗaya har awa 60. Ɗan ƙwan fitilar nan mai wat 5 na cikin mota ya kan sha wajen amfiya 0.4, watau kusan 10 ke nan daga cikin 60 a kwana ɗaya. Cikin kwana uku ya cinye rabi, ran na shida ba sauran kome. Haka rediyo ya ke, da amsa-kuwwa, da na'urar bin sawun mota, da cajar da yaran mota kan jona wa wayoyinsu dare da rana suna jiran a buɗe hanya.

A FARA RABA GARDAMA

Kayan aikin ba su da yawa: sifana, da 'yar mitar nan ta masu gyaran waya. Da farko a sa a cika batirin, a bar shi ya huta 'yan sa'o'i, sa'an nan a auna. Cikakke ya kan nuna bolt 12.6. In ya nuna 12.2 saura rabi, in ya kasa 12 ya kusa ƙarewa. Manyan motoci masu batir biyu, sai a auna kowane ɗaya dabam, don sau da yawa ɗaya ne ke janye ɗan'uwansa.

Daga nan a kwance wayar kan batir mai alamar ragi, watau wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota, a bar shi haka kwana biyu ko uku. In an dawo an tarar ya sauka ƙwarai alhali ba abin da ke jone da shi, to, laifin nasa ne, sauyi ya kama. In kuwa yana nan yadda aka bar shi, batir ya kuɓuta, sai a koma kan motar.

A mai da wayar, a ta da inji, a sake aunawa. Altaneta mai lafiya ta kan kai mita tsakanin bolt 13.8 da 14.4, a babbar mota kuwa wajen 28. In bai kai haka ba, a duba fambel tukuna, ko ya saki ko ya cinye, kafin a ce altaneta ta lalace.

NEMAN MAI SHAN WUTA

In waɗannan biyu lafiya lau su ke, sai a kashe inji, a zare makulli, a kashe fitilu duka. A sake kwance wayar ragi, a juya mita wajen awon amfiya 10, a sa bakinta ɗaya a kan batir, ɗayan a jikin wayar da aka kwance. Kada a kuskura a murɗa makulli mita na jone, za ta ƙone nan take. Motocin zamani masu kwamfuta sai an ba su kamar rabin awa kafin su yi barci, sa'an nan awo ya yi daidai.

Agogo da kwamfuta su kan ɗan sha wuta kullum, wannan ba laifi ba ne muddin bai wuce amfiya 0.05 ba. In ya zarce haka da yawa, sai mutum guda ya tsaya kan mita, wani ya riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya yana mayarwa. Wanda aka zare mita ta faɗi, a layinsa ɓarnar ta ke. Sai a bi wayar a ga ko makunnin ƙofa ne ya maƙale ya bar fitila kunne, ko waya ce ta goge tana taɓa ƙarfe, ko ɓeraye ne suka ci bayanta, gama motar hatsi ba ta rabuwa da su.

In an gama zare fis duka ba a sami kome ba, saura wuri biyu. Na ɗaya, kayan da aka ƙara wa mota aka ja musu waya kai tsaye daga batir ba fis. Na biyu, altaneta kanta. A cikinta akwai wasu 'yan ƙofofi da ake kira dayod, masu barin wuta ta fita zuwa batir su hana ta komowa. In ɗaya ya mutu, abin da ta zuba da rana sai ta tsotse da dare. A kwance wayar ragi, a cire babbar wayar altaneta a naɗe bakinta, a sake awo. In mita ta faɗi, sai a kai ta wurin mai gyara.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Motar da aka san za ta tsaya fiye da mako guda, a kwance mata wayar ragi, aikin minti biyu ne. Kullum ita ake fara kwancewa, ita ake mayarwa daga ƙarshe, don kada sifana ta taɓa ƙarfe wuta ta tashi. Ta da inji na minti biyar kowace safiya ba ya cika batir, tafiyar rabin awa ta fi.

A riƙa share saman batir, domin ƙurar hunturu in ta haɗu da laima ta kan zama hanyar wuta tsakanin kawunansa biyu. Farin garin da ke taruwa a kai kuwa, ruwan kanwa mai ɗumi na wanke shi, amma kada ya shiga ciki. In ya bushe a shafa giris kaɗan. Batirin da ke da murafe a duba ruwansa ya rufe farantai. In ya ragu a ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya, ban da ƙarin asid. Kada a kusanto da taba ko ashana wurin da ake caji, iskar da ke fita tana kama wuta.

Masu tarakta su ma su lura. Zafin bazara ya kan sa batir ya zubar da cajinsa ko ba a jona shi da kome ba, wanda ya daɗe a kwance kuma farantansa su kan yi ɓawon da caji ba ya narkarwa. In an gama aikin kaka a cire shi, a ajiye a inuwa, a riƙa cika shi wata-wata, don kada ruwan farko ya sauka a tarar ana neman masu turi. Allah ya kiyaye hanya, ya ba da kasuwa mai albarka.