Abubuwan ban mamaki a taƙaice: yadda na'ura ke yi wa birane hidima

A Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, kiran waya ne ya shata wa motocin dare hanyarsu. Masu aikin dare sun daɗe suna kuka cewa da sha biyu ta wuce babu jirgin ƙasa babu bas, sai tasi mai tsada. A 2013 hukumar birnin ta haɗa kai da kamfanin waya na KT, aka duba bayanan kira kusan biliyan 3 da aka yi cikin dare, aka gano inda jama'a ke taruwa da unguwannin da suke komawa kwana. A kan wannan aka tsara layukan motocin da ake yi wa laƙabi da bas ɗin mujiya. Abin da ya fi burge ni shi ne wanda ya amfana: mai gadi, mai shara, da ma'aikaciyar asibitin da ta tashi aiki ƙarfe biyu na dare.

A Songdo kuwa, birnin da aka cike teku aka gina kusa da Incheon, shara ba ta jiran mota. Bututun ƙarƙashin ƙasa ne ke zuƙe ta da iska daga gidaje zuwa matattara.

Melbourne ta Ostareliya ta ba bishiyoyinta kimanin dubu 70 lamba da adireshin imel, domin wanda ya ga reshe zai karye ko itace na bushewa ya kai rahoto. Sai ga mutane suna aika wa bishiyoyin wasiƙun gaisuwa da godiya saboda inuwa, har daga ƙasashen waje!

Labarin Boston ta Amurka ya cancanci a tsaya a kansa. A 2012 aka fito da manhajar Street Bump. Direba ya kunna ta ya ajiye waya a mota, da taya ta faɗa rami wayar ta ji girgiza sai ta aika wa hukuma daidai wurin. Dabara ce mai kyau, amma abu biyu suka ɓullo. Na farko, yawancin girgizar daga murafen ƙarfe na magudanar ruwa take, waɗanda suka nutse a kwalta. Na biyun ya fi damuna: sai mai mota da babbar waya ne ke iya kai rahoto, saboda haka masana suka yi gargaɗi cewa titin masu hali zai fito a taswira, na talakawa ya ɓace. Na'ura ba ta ganin wanda ba ya riƙe da ita, kuma duk hukumar da ta manta da haka za ta yi zalunci tana zaton adalci take yi.

Nairobi ta yi shekaru mutane na shiga ƙananan bas-bas da ake kira matatu ba tare da cikakkiyar taswira ba. Ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da masana daga MIT da Jami'ar Columbia, suka riƙa shiga motocin da wayoyi suna rubuta kowace tasha. Taswirar ta fito a 2014, da layuka fiye da ɗari, a shekarar da ta biyo kuma ta shiga Google Maps.

A Jakarta ta Indunusiya, inda ambaliya ke cin unguwanni duk damina, shirin PetaJakarta na 2014 ya mayar da saƙonnin Twitter taswirar ruwa. Mutum ya rubuta cewa ruwa ya shigo layinsu, ya saka hoto, nan take maƙwabta da jami'an agaji su gani.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A Yamai kamfanin CityTaps ya gwada mitar famfo da ake biya ta waya kaɗan-kaɗan kafin a sha, ta yadda magidanci mai samun na yau da gobe ba zai wayi gari da takardar kuɗin wata ta fi ƙarfinsa ba.

Sai dai inda ake haɗa komai da intanet, ɓarna ma hanya take samu. A Landan, a 2013, an gano wasu kwandunan shara na gefen titi suna bin sawun wayoyin masu wucewa ba da saninsu ba, hukuma ta ce a daina. A Dallas, cikin wani dare a Afrilun 2017, wani ya yi kutse ya kunna jiniyoyin gargaɗin guguwa 156 gaba ɗaya, mutane suka firgita, layin kiran gaggawa ya cushe. Toronto ta Kanada kuma ta sha muhawara mai zafi kan wa zai mallaki bayanan mazauna wata sabuwar unguwa da kamfanin Sidewalk Labs, ɗan'uwan Google, ya so ginawa, har aka janye shirin a Mayun 2020.

Don haka, mai karatu, ranar da aka zo garinku da zancen mita ko kati ko kyamara, ka tambaya ina bayananka za su je, wa ke riƙe da su, kuma me aka tanadar wa tsohuwar da ba ta da waya.