Suna Linzami: Ɗaurin Suna da Sarrafa Jeri a Harshen Python



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙarami ne ga ido, watau 'yar alamar nan mai layi biyu a kwance, =, da ma'anarta a cikin harsunan da a ke ba na'ura mai ƙwaƙwalwa umarni da su. Amma fa duk ma'aikacin da ya soma rubuta umarni domin lissafin albashi ko rabon taki, bai fahimci wannan alama ba, yana iya miƙa wa shugabansa takarda cike da kuskure, alhali kwamfuta ko uffan ba ta ce masa ba. Kuskuren da na'ura ta ƙi karɓa mai sauƙi ne, domin nan take za ta tsaya ta faɗi layin da ya ɓaci. Wanda ta karɓa ta yi shiru shi ne abin tsoro.

Harsunan kwamfuta suna da yawa. Akwai irin su FORTRAN, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, shi ne kuma magabatanmu da dama suka koya a jami'a a zamanin huda kati. A wannan sai an fassara rubutun gaba ɗaya zuwa harshen inji kafin a gudanar da shi. Akwai kuma waɗanda a ke kira harsunan gajeren umarni, waɗanda su ke da tafinta, kana ba shi umarni yana aikatawa nan take. Python yana cikin waɗannan. Wani mutumin ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da shi a 1991. An fito da zubi na 3 a 2008, an kuma daina kula da zubi na 2 tun ranar 1 ga Janairu 2020, saboda haka misalaina duka na zubi na 3 ne.

To, a FORTRAN suna akwati ne. In an rubuta A = B, an kwafo abin da ke cikin akwatin B ne an zuba a akwatin A, kowa da nasa. Ɗalibai da yawa da wannan hoto su ke shiga Python, shi ne kuwa tushen wahalarsu. A Python suna ba ya riƙe kome a cikinsa. Hausawa sun riga sun ce suna linzami, kuma ban san wani bayani da ya fi wannan dacewa ba. Linzami dabam, doki dabam. Da linzami a ke jan doki, ana kuma iya cire shi a sa wa wani dokin. Alamar = aikinta ke nan: ta ɗaura sunan da ke hagu ga abin da ke dama.

Mu leƙa karar shanu a kasuwar Mashi. Ga makiyayi ya kawo sa ɗaure da igiyarsa, dillali ya zo ya ƙara tasa igiyar. Igiya biyu, sa ɗaya. In dillali ya shafa wa ƙahon fenti, makiyayi ba zai ce nasa san ba a taɓa shi ba. Haka abin ya ke ga jeri, watau abubuwan da aka tsara bi da bi cikin baka biyu masu kusurwa:

    manoma = ["Audu", "Sale", "Binta"]
    ajiya = manoma
    manoma.append("Lawal")

Wanda ya rubuta layi na biyu nufinsa ya adana jerin asali kafin ya taɓa shi. Amma in ya duba ajiya zai tarar da sunaye huɗu, har da Lawal, domin igiya ya ƙara, bai ƙara sa ba. In kwafi ya ke so, sai ya nema da baki, ya rubuta ajiya = manoma.copy(). Mai shakka kuwa yana da hanyar tambaya: ajiya == manoma tana tambayar ko sun yi kama, ajiya is manoma tana tambayar ko abu ɗaya ne. Tagwaye suna kama, amma mutum biyu ne.

A nan ɗalibi mai lura ya kan ce, ai da lambobi ba haka a ke gani ba. In buhu = 50, sa'an nan saura = buhu, sa'an nan saura = saura - 10, buhu yana nan a 50. Sai ya zaci ana kwafe lamba amma ba a kwafe jeri. Ba haka ba ne, doka ɗaya ce. Lamba ba ta sāke hali. Ba wanda zai mai da 50 ta zama 40. Abin da ya faru shi ne an kwance sunan saura daga 50 an ɗaura shi ga 40. Rubutu ma haka ya ke. Jeri ne ke karɓar ƙari da ragi yana nan inda ya ke. Saboda haka tambayar da ya kamata mutum ya yi wa kowane layi ita ce: shin igiya na ke matsarwa, ko kuwa dabbar na ke taɓawa? Har ma akwai layuka biyu da a ke koya wa yara cewa ɗaya ne, alhali ga jeri sun sha bamban. Rubuta a = a + ["Lawal"] yana gina sabon jeri ya mai da igiya kansa, amma a += ["Lawal"] tsohon jerin ya ke ƙara wa, kuma duk mai igiya a kansa zai gani.

Yanzu ga inda abin ya ke cizo. Ƙaramar Hukumar Mashi tana da mazaɓu 11, cikinsu akwai Majigiri, da Gallu, da Sonkaya, da Karau. Mu ƙaddara wani malamin gona yana so ya buɗe wa kowace mazaɓa jerinta na manoman da za a ba taki, sai ya ga gajeriyar hanya:

    mazabu = [[]] * 11
    mazabu[0].append("Audu")

Ya sa Audu a mazaɓa ta farko kaɗai. Da ya buga takarda, ga Audu a mazaɓu goma sha ɗaya duka. Dalili kuwa, ninkawar ba ta haifi jeri 11 ba, jeri guda ta ɗaura wa igiya 11. Ku duba yadda wannan takarda za ta kasance a gaban mai binciken kuɗi: mutum ɗaya, buhu goma sha ɗaya. Ba zai tambayi Python ba, malamin gona zai tuhuma, kuma bayanin igiya da sa ba lalle ya fisshe shi ba. Hanyar da ta dace ita ce a umarci tafinta ya ƙera sabon jeri sau goma sha ɗaya, a rubuta mazabu = [[] for m in range(11)]. Haka nan kuma, kwafin da muka ambata ɗazu fatar waje kaɗai ya ke kwafewa. Jeruka na ciki suna nan na tarayya. Mai son ya raba gari ɗungum sai ya nemi deepcopy.

Kun ga na rubuta mazabu[0] ina nufin ta farko. Python daga sifiri ya ke fara ƙirga, FORTRAN kuwa, in ba a ce masa wani abu ba, daga ɗaya. Masani Edsger Dijkstra ya rubuta 'yar takarda a 1982 yana kare farawa daga sifiri, ana kuma ta muhawara har yau. A ganina ba abin ɓata lokaci ba ne. A ɗauki lambar a matsayin yawan takun da za a yi daga bakin layi: na farko ba taku, na biyu taku ɗaya. In an yanko manoma[0:3], za a sami mutum uku, na wuri 3 ba ya ciki.

Wata matsalar ta fi wannan ɓoyuwa. Magatakarda yana bin jeri yana cire waɗanda suka riga suka karɓa. Audu da Sale sun karɓa, suna kuma jere da juna. Yatsansa yana wuri na farko, ya cire Audu. Nan take kowa ya matso gaba, kamar yadda a ke yi a layin awo, Sale ya dawo wuri na farko. Yatsa kuwa ya wuce wuri na biyu, ya sauka kan Binta. Ba a duba Sale ba sam, gobe zai karɓa karo na biyu. Ba a rage jeri ana cikin bin sa. A bi kwafinsa, ko kuma, abin da ya fi tsabta, a gina sabon jeri na waɗanda ba su karɓa ba.

Akwai kuma layin da ya sa ɗalibai da yawa kuka: manoma = manoma.sort(). Umarnin sort yana tsara jerin a inda ya ke, ba ya miƙo kome sai None, watau babu. To, an kwance suna daga jeri an ɗaura shi ga babu. In ba wata igiya a kan jerin, tafinta ya kan ɗauka ba mai shi, ya share wurin. A rubuta manoma.sort() kawai, ko a yi amfani da sorted, wanda ke miƙo sabon jeri ya bar tsohon.

Kada a zaci wannan hali na Python ne shi kaɗai. JavaScript da Ruby, waɗanda suka bayyana a 1995, haka su ke yi da jerinsu. Wanda ya fi kowa tsananta al'amarin shi ne REBOL, na Carl Sassenrath, wanda ya fito a 1997. A can rubutu ma jeri ne mai karɓar sauyi, kuma suna yana riƙe da jeri tare da wurin da aka tsaya a cikinsa, kamar tsinken da almajiri ke sawa a shafi, ta yadda sunaye biyu za su riƙe littafi ɗaya a shafuka dabam-dabam. Masu aiki da shi sun saba rubuta copy [] duk sa'ad da su ke son jeri sabo a cikin wani ƙunshin umarni, domin in sun rubuta [] kawai, abin da aka zuba a kiran farko yana nan a kira na biyu.

Python ma yana da irin wannan rami, a wuri ɗaya. Ƙunshin umarni, wanda a ke buɗewa da kalmar def, shi ne aikin da aka rubuta sau ɗaya aka ba shi suna don a riƙa kiransa. In an rubuta def rubuta(suna, jeri=[]), ana nufin in mai kira bai kawo jerinsa ba a ba shi fanko. Amma wannan fankon sau ɗaya a ke ƙera shi, sa'ad da tafinta ya karanta layin def, kuma shi za a riƙa miƙa wa kowa. Manomin Gallu da aka rubuta a kiran farko zai bayyana a takardar Karau a kira na biyu. Maganinsa a sa jeri=None a kan layin, sa'an nan a cikin ƙunshin a duba: in jeri is None, a rubuta jeri = [], domin wannan layi na ciki ana aikata shi sabo a kowane kira.