Yadda hoto da murya ke tafiya daga Hawata zuwa Maraɗi

Ku buɗe taswirar Afirka, ku aza yatsa a kan Maraɗi. Ku ja shi gabas sak. Za ku wuce tafkin Cadi, ku ratsa ƙasar Cadi, ku shiga Sudan, ku ƙetare Farin Nilu da Shuɗin Nilu. Kafin ku kai iyakar Habasha akwai wani gari a bakin kogin Rahad, cikin jihar Gadarif. Sunansa Hawata. Tsakaninsa da Maraɗi kimanin kilomita 3000 ne.

Akwai Hausawa da yawa a wannan yanki. Kakanninsu sun kama hanyar Makka a ƙafa, wasu kuma sun yi hijira bayan yaƙin Burmi na shekarar 1903. Sun zauna can, suna noman dawa da riɗi. A da, in mutumin Hawata yana son ya gai da danginsa na ƙasar Hausa, sai ya ba alhazai masu komawa gida wasiƙa. Wasiƙar takan yi watanni a hanya. Daga baya aka riƙa ɗaukar murya a kaset ana aikawa. Yau kaka tana zaune a Hawata, tana kallon jikanta na Maraɗi a fuskar salula, suna gaisawa. Yaya haka ke faruwa?

Mu fara da gida. A shekarar 1964 aka buɗe talabijin ta makaranta a Yamai, ana ce mata Télé-Niger. A ɗaki guda ake shirya darasi, a ɗauka da kamara, a watsa ta iska. Kowane aji yana da akwatin talabijin. Darasi ɗaya bai cika wuce minti 15 ba. In ya ƙare, malamin aji ya ci gaba da tambayoyi da wasanni. A shekarunsa na farko, ƴan makaranta kimanin 800 ne suka bi shirin a makarantun kewayen Yamai. A 1968 ma an gwada kunna akwatin wata makaranta da hasken rana, tun duniya ba ta saba da wannan ba. Shirin ya tsaya a 1979, shekarar da aka buɗe Télé Sahel.

Aiki ne mai kyau, amma yana da rauni biyu. Da Faransanci kaɗai ake darussan, alhali yaran da Zabarmanci ko Hausa suka tashi. Na biyu, hanyar ta tafiya ce ba ta dawowa: yaro yana ganin malamin cikin akwati, malamin ba ya ganin yaro. In bai gane ba, ba shi da halin ɗaga hannu. Intanet ce ta buɗe hanyar dawowa.

Bidiyo ba hoto mai motsi ba ne da gaske. Hotuna ne tsayayyu masu bin juna da sauri. Talabijin ta ƙasashenmu tana nuna hoto 25 cikin daƙiƙa ɗaya. Ido ba ya iya rabe su, sai ya ga motsi. Ku gwada da kanku: ku zana ƙwallo a kusurwar shafi 20 na tsohon kaye, kowane ya ɗara na baya tsawo kaɗan, sa'an nan ku saki shafukan da babban yatsa. Ƙwallon zai tashi sama.

Kowane hoto kuma ɗigo-ɗigo ne ƙanana, kamar saƙar tabarma. Kowane ɗigo gaurayen haske ne ja, kore da shuɗi. Salula tana ba kowane launi lamba. Murya ma lamba take komawa. Saboda haka abin da ke fita daga wayar kaka ba fuskarta ba ce, lambobi ne jere.

Lambobin suna da yawa ƙwarai. In aka ce a aika dukansu, hanya za ta cushe. To, ga dabarar da masana suka yi. Lokacin da kaka take magana, bakinta da idanunta ne ke motsi. Bangon da ke bayanta yana nan yadda yake. Sai wayar ta aika hoto ɗaya cikakke, bayansa ta riƙa aika abin da ya sake kaɗai. Kamar ɗalibi ne mai gyaran dikte: ba ya sake rubuta shafin duka, kalmar da ya kuskure yake gyarawa. Shi ya sa in mutum yana yawo da waya yana girgiza ta, hoto yakan dusashe, don komai na sakewa lokaci guda.

Daga nan sai a daddatsa lambobin ƙulli-ƙulli. Kowane ƙulli yana ɗauke da adireshi da lambar jeri, kamar buhunan da aka rarraba wa motoci dabam-dabam a tasha. Ƙullin yana tashi ta iska zuwa dogon ƙarfen rezo na gari. Daga can ya shiga wayar gilashi da aka binne a ƙasa. Siririnta kamar gashin kai, haske ne ke gudu cikinta, kilomita 200 000 a daƙiƙa. Manyan wayoyin da ke haɗa Sudan da duniya suna shiga teku a Port Sudan, bakin Bahar Maliya. Nijar ba ta da teku. Nata suna bi ta ƙasashen maƙwabta, kamar Benin, inda wayar teku ke fitowa a Kwatano. Ke nan gaisuwar kaka takan zagaya ta ƙarƙashin teku kafin ta iso Maraɗi, duk cikin abin da bai kai daƙiƙa ba. Wayar jika ta jera ƙullin bisa lambobinsu, ta mai da su fuska da murya.

In kallon fim ne, waya tana tara ƙulli kaɗan a ajiye kafin ta fara nunawa, kamar randar da ake cikawa don ranar da famfo ya ɗauke. Wata babbar kwamfuta kuma, da zarar an ɗora mata bidiyo, ita da kanta take yin kwafi da yawa, manya da ƙanana, ta ba mai rezo mai ƙarfi babba, mai rauni ƙarami. Amma hira ba ta jiran randa ta cika. In ƙulli ya makara, an bar shi ke nan. Shi ne kuke ganin fuska ta daskare, murya ta yanke.

Mutum goma ma suna iya taro haka, ta WhatsApp ko Zoom. Kwamfuta ta tsakiya ce ke karɓar hoton kowa tana raba wa sauran. Dokar aji ce ke aiki a nan: mutum ɗaya ke magana, saura su rufe makirfonsu. Mai kiran taro kuma ya tuna agogon Sudan yana gaban na Nijar da awa ɗaya.

Duk wannan yana bukatar lantarki, da ƙarfen rezo, da ma'aikata, da zaman lafiya. Yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, dubban mutane suka gudo jihar Gadarif. A watan Fabrairu 2024 rezo ya ɗauke a mafi yawan ƙasar, a wasu wurare har makonni. Uwa ba ta san ko ɗanta yana da rai ba. Kuɗin abinci da dangi ke aikowa ta waya ya tsaya. A wasu garuruwa mutane sun riƙa yin layi wurin masu kwanon tauraron ɗan'adam na Starlink, suna biyan kuɗin awa guda don su ji muryar nasu.

Aiki: in talabijin tana nuna hoto 25 a daƙiƙa, hoto nawa ne cikin darasin Télé-Niger na minti 15? In an yi kira daga Maraɗi da ƙarfe 4 na yamma, ƙarfe nawa ne a Hawata?